Ayabar da Na Ɗora wa Laifi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka yi mini dariya a gidan likita, ni wadda matan unguwarmu nan Tawa suke sallama a ƙofata neman magani.

Jikata Rakiya ce ƙuraje suka feso wa a fuska, shekarar jarrabawarta. Ƴan ajinsu suka laƙa mata suna "kantun riɗi". Yarinya ta ajiye jakka, ta ce ita da lakwal, wato makarantar boko, har abada. A makon nan kuwa ubanta ya dawo daga Abija, can ƙasar waje, da kwalin ayaba. Na dubi kwalin, na dubi fuskar, na yanke hukunci: ayaba ce!

Na kwashe ayabar zuwa ɗakina (kada ku tambaye ni inda ta shiga, haƙorana huɗu ne, ita kuwa ba ta neman ko ɗaya). Safe da marece ina laɓta wa Rakiya man shanu na garin Takanamat, mai kyau. Mako uku, fuska sai ƙara tsiro take kamar gona bayan ruwan farko. Uwarta ta yi ta roƙo har muka tafi likita.

Muka tarar da wata malamar jinya, yarinya ƙarama, sa'ar autata. Tun ba ta tambaya ba na ce, "Ɗiyata, ayaba ce. Na riga na hana."

"To Iya, mi take shafawa?"

Na gyara zama. "Man shanu. Da hannuna."

Ta danne murmushi. "Iya, ayaba ba ta da laifi. Ƙurajen girma ne, man nan kuma toshe fatar yake."

Sai Rakiya, marar kunya, ta ɗaga murya: "Madan, ni ko ɓawon ban gani ba. Kaka ta cinye kwalin duka, kuma dubi fuskarta, ko ƙurji ɗaya, sai tamoji!"

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya, har da wadda na taɓa yi wa wankan jego. Na ja mayafi har hanci.

Aka ba Rakiya sabulu da wani ɗan magani. Kafin wata biyu fuska ta lafa, ta koma lakwal, ta ci jarrabawarta. Ni na fi kowa guɗa.

Yanzu duk wadda ta zo neman magani, sai in ce ta fara zuwa likita. In ta dawo ta faɗa mini abin da aka ce, sai in kaɗa kai in ce, "Ai abin da zan gaya miki ke nan."