Lahadin da Wuyan Bulus Ya Ƙaryata Ni

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Lahadin da na tsaya gaban coci a Kafanchan ina ba da shaida a kan ɗana Bulus ba. Ni ce fa shugabar zumuntar mata a lokacin (ɗaurin ɗankwalina kaɗai ya isa ya gaya maka), mai yi wa matan mutane huɗuba a kan faɗin gaskiya.

Bulus yana shekara sha uku abin ya same shi. Ya daina barci, ya daina cin abinci, sai ya zauna bakin layin dogo yana amsa wa mutanen da ba ma gani. Babansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kullum yana hanya, don haka ni na riƙa jigila da yaron zuwa asibitin masu taɓin hankali a Kaduna. A unguwa kuwa cewa nake taifot ne.

Mun sha wuya kafin a dace. Maganin farko ya mai da shi kamar buhun masara, inda ka ajiye shi nan za ka tarar da shi, miyau na zuba. Na biyu ya sa hannunsa rawa har cokali ya gagare shi. Duk komawa sai likita ya ce, "Madam, a yi haƙuri, kowane yaro da wanda yake karɓarsa." Na tsani maganar nan. A ƙarshe aka sa shi a kan allura duk wata, da 'yar farar ƙwaya kowace safiya, wadda likita ya ja mini kunne kada a tsallake, don ita ke hana allurar sandarar da jiki. Bulus ya dawo mana. Har satar nama a tukunya ya koma yi, ban kuma taɓa jin daɗin sata irin wannan ba.

Sai na shirya godiya a coci. Yayar mijina, Mama Laraba, ta zo daga Manchok na sauke ta a ɗakina. Ƙwayar tana ɓoye cikin akwatin zannuwana, baiwar Allah kuma ta mai da akwatin kujerarta. Na kasa cewa ta tashi. Na ce a raina 'yan kwanaki ai ba komai.

Ranar Lahadi na karɓi makirfo, Bulus na gefena cikin sabuwar riga. "Ba asibiti, ba allura," in ji ni, "gwiwa kawai na sa a ƙasa." Mata suka ɗauki guɗa. Sai na ga fuskokin 'yan layin gaba sun canza. Ina juyawa na ga wuyan yaron ya murɗe, idanunsa sun kafe a sama, harshe a waje.

Wani dattijon coci ya ce, "Abin ya dawo, ku riƙe shi." Maza suka danne shi a siminti ana tsawata wa aljani, Mama Laraba tana faɗin, "Ni na sani, aiki ne aka yi wa yaron nan." Shi kuma yana ta ƙoƙarin kiran sunana, bakin ya ƙi.

"Ku sake shi," na ce. "Ba aljani ba ne. Maganin asibitin mahaukata yake sha, ni ce ban ba shi ba." Na manta makirfo na bakina. Har masu sayar da rake a waje sun ji.

A asibitin gari allura ɗaya ta sake masa wuyan. Muna tafiya gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mama, kunyata kike ji?"

Ba wanda ya cire ni daga shugabanci, ni na koma zama a bencin baya. Na dai koyi cewa Allah bai ɗauke ni aikin ƙara masa gishiri ba, balle a jikin ɗana. Tambayar Bulus kuwa har yau ban amsa ba, shi ma bai sake yi ba.