Jirgin da Ke Leƙen Turmi

Wani mutum ne a Madarumfa, can unguwar bakin tabki. A majalisa babu wanda ya kai shi faɗin yadda namiji ke riƙe gida. In ya buɗe baki sai ya ce, "Ni a gidana ko tari na yi sai an kawo ruwa."

Alhali shi ke surfe a gidan. Matarsa Zuwaira ta yi targaɗe a hannu tun shekarar da tabki ya yi ambaliya, ya karɓi taɓarya don ya rage mata. Hannu ya warke, taɓarya ba ta koma ba. Katangarsa doguwa ce, saboda haka babu wanda ya sani. Maƙwabta ma yabon Zuwaira suke, wai dakanta kamar na ƙato.

Ana haka sai wani abu ya fara yawo a sama. Girmansa bai fi faifai ba, yana ƙugi kamar taron zuma. Ya bi ta kan gonaki, ya tsaya kan gari, ya wuce. An gan shi a garin Safo, an gan shi a garin Sarkin Yamma. Ba a san mai shi ba. Maza suka bar aikin lambu suka zauna gindin bedi suna fassara.

Ɗan Azumi mai kifi ya ce, "Shanu yake ƙirga."

Wani ya ce, "Shanun wa? Masu shigo da isansi, man fetur, daga Najeriya yake nema."

Habibu ɗan kabu-kabu ya ce, "Ku dai ba ku san komi ba. Jirgi ne marar matuƙi. Hoto yake ɗauka. Ko kaska ce a kunnen jaki sai ya fito da ita."

Mijin Zuwaira ya gyara zama. Ya ce, "To, katanga fa?"

"Wace katanga? Ta sama fa yake leƙowa."

"In ya ɗauka, ina yake kai hoton?"

Habibu ya ɗaga salularsa ya ce, "Nan. Kafin la'asar kowa ya gani."

Mutumin ya tashi, ya nufi gida.

Yana shiga gida ya tarar an jiƙa gero, turmi na jira. Ya ce, "Zuwaira, daga yau na bar surfe."

Ta ce, "To. Daga yau ka bar fura."

Ya dubi turmi. Shi kuwa in bai sha fura ba, gari bai waye ba. Ya ja turmi zuwa cikin ɗaki, taɓarya ta bugi rufi, ƙasa ta zubo cikin gero. Ya fito da shi ya kafa tabarma bisa sanduna, iska ta kwashe ta ta kai gidan maƙwabci. Ya tsaya yana duban sama. Can sai ya ce, "Miƙo mini zanenki. Da hijabin nan babba."

"Malam, lafiya?"

"Shi dai hoto yake so. In ya ɗauka, mace ya ɗauka."

Ya ɗaura zane, ya zurma hijabi, ya tura gemu ciki. Ya juya wa ƙofa baya ya kama surfe. Dabara ta yi. Ya kwana biyu a haka, har ya fara waƙa.

Ran kasuwa da hantsi sai aka yi sallama. Kafin a amsa, mai sallama ta shigo, don mace ba ta jira a zaure. Hajiya Delu ce, uwar Zuwaira. Amalanke guda suka cika da matan Safo suka zo cin kasuwa, ta ce bari ta leƙa ɗiyarta. Shi kuwa tun da ya auri Zuwaira ko ruwa bai taɓa sha a gaban tsohuwar nan ba, don kunya. Gudu ba dama, ɗaki na bayanta. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ci gaba da daka.

Hajiya ta zauna kan tabarma. Ta dubi mai daka daga sama har ƙasa. A ƙafafu ta fi daɗewa.

Ta ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah."

Shiru.

Ta ce wa Zuwaira, "Ke, wannan ɗiyar wa ce?"

"Baƙuwar maƙwabta ce, Inna. Bebiya ce."

"Allah sarki. Ga ta da ƙashi kuwa. Ina maigidan?"

"Ya tafi lambu."

"Lambu ko gindin bedi? Shi dai Allah Ya ba shi baki. Da rabin ƙarfin yarinyar ga gare shi, da kin huta."

Taɓarya ta ƙara sauri.

Hajiya ta kwance ƙullin da ta zo da shi. Gero ne, ba kaɗan ba. Ta ce, "Tsaraba na kawo, amma tunda ga hannu, a surfe shi gaba ɗaya." Aka zuba. Rana ta take. Zufa ta jiƙa hijabi, gemu ya fara leƙowa ta ƙasa, yana mai da shi da haɓa. Hajiya na cin goro tana gyara masa aiki.

"Ke, faɗa mata ta ƙara ruwa. Tana da miji? Ƙanenki Umar irin wannan ya kamata a nema masa."

Sai ga ƙugi daga wajen tabki. Abin ya zo ya tsaya daidai kan tsakar gida, cak. Mutumin ya saki taɓarya, ya fizgi faifai ya kifa a fuska, ya durƙusa bayan turmi. Ya manta bebiya ce shi. Da murya kamar ta bajimin sa ya ce, "Zuwaira, ya gan ni?"

Hajiya Delu ta miƙe, ta kakkaɓe mayafi, ta ce matan Safo na jiranta a amalanke. Ta dubi sama, ta dubi bayan turmi.

Ta ce, "Sauke faifan, yaron nan, ka ƙarasa surfenka. Wancan ido kawai gare shi. Ni ke da baki."