Akwatin da ya ci gasa babu komai a cikinsa

A bakin shagonsa muka ƙulla magana da maƙwabcina mai walda. Shi zai ƙera wa kwamfutar ɗiyata akwati. In muka ci gasar ƙere-ƙeren gida, takardar yabo da ɗaukar hoto tare da manya nasa ne, shagon da aka yi alkawari kuma nata.

"Direba, ka yarda?" in ji shi.

Na ce, "Na yarda. Hoto dai ba ya hana ruwan sama dukan mutum."

Ita ɗiyar tawa gyaran waya take yi a ƙarƙashin lema. Ta tsinto gilashin wata matacciyar kwamfuta, ta haɗa da madannai da batir da wani ɗan allo mai kamar tafin hannu, abu ya tashi yana aiki. Sai dai hanjinsa duk a waje, ba ya ɗaukuwa. Ni ban yi boko ba, amma shekara talatin ina jan babbar mota, na san inji.

Akwatin farko na ƙarfe ya yi, ya goge shi har kana ganin haƙoranka. Nauyi kuwa, sai da muka ɗauka mu biyu. Minti goma da kunnawa ya yi zafin da za ka goge riga da shi.

"Kawu, wannan ai murhu ne," in ji ta.

Ya ce, "Amma dubi ƙyalli!"

Na biyu na katako muka yi, da ƙofar kabad ɗina. Uwar ɗiyar tawa ce ta ba da izini, ni ba a tambaye ni ba. Ya yi sauƙi, amma zafi na nan. Na ce musu injin da ba ya shan iska ba ya kai gari. Muka huda ramuka ashirin a baya, daidai inda fankar kwamfutar take. Sannan marfi ya riƙa rufe wa mutum a yatsa, aka sa masa sanda irin ta bonet ɗin mota. Mariƙi kuma na gwada shi a layin mai, awa huɗu ina riƙe da shi. Ya tsinke, mai bai zo ba. Nan ma sai mu gode wa manya, da babu layin nan ina za mu sami wurin gwaji kyauta? Muka sake shi da tsohon bel ɗina.

Ranar gasa muka tafi da duka biyun, na ƙarfen don a ɗora na katakon a kai, tunda teburan da aka ce an saya ba su iso ba. Wani mai babban fayil ya zo yana raba takarda mai gam, da fuskar Mai Girma Uban Ƙirƙira a jiki. Ya ce doka ce a manna ta a bayan kowane kaya.

"Yallaɓai, nan ne hancinta," in ji ɗiyata. "In an toshe za ta mutu."

"Hanci? Ba ya cikin fom."

Mai walda ya karɓe takardar ya liƙa wa nasa. Mai fayil ya yi alama ya wuce.

An ce ƙarfe goma, Mai Girma ya iso ƙarfe biyu da motoci tara, kowacce cike da man da muke nema. Ɗiyata ta kunna na'urarta tana jira. Bai ko kalle ta ba. Ya sa aka sauke katakon ƙasa, ya shafa ƙarfen, ya ga fuskarsa sau biyu, ɗaya a takarda ɗaya a ƙyalli. Ya jinjina nauyin ya ce, "Wannan shi ne aiki mai inganci!"

"Ranka ya daɗe, babu komai a ciki," in ji ta. "Ga kwamfutar nan a ƙasa."

Mai fayil ya harare ta. "Ba a magana ana hoto."

Ta sake faɗa, tafi ya haɗiye muryarta. Ni kuwa na daɗe a duniya, na taya su tafawa.

Haka akwatin ƙarfen ya ci gasa. Shagon, abin mamaki, an bayar. Babu ƙofa, amma muna da mai walda. Ɗiyata tana can tana aiki da ta katakon, iska na shiga ramuka ashirin lafiya lau, har mutum uku sun ce a yi musu irinta.

To, ita ta sami shago, maƙwabcina ya sami hoton da rabin kunnensa kawai ya fito. Mai Girma ya tafi da akwatin ƙarfen zuwa ofishinsa, an ce ya kafa kwamitin da zai gano inda ake kunnawa. Wanda ya yi asara ni ne: kabad ba ƙofa, wando ba bel.