Rasuwar Hajiya Babba, Kwamfutar Malam Siddiq

Da zuciya cike da baƙin ciki, da leɓe a kumbure, Malam Siddiq Gana na unguwar Dogo Tebo a Potiskum yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Hajiya Babba. Ta cika ranar wata Litinin da hantsi, cikin Afrilun 1999, a shagonsa na buga takardu, bayan gajeriyar jinya da kuma duka.

Marigayiyar ta iso Potiskum daga Kano shekara uku da suka wuce, naɗe cikin bargo. Bijimai biyu Malam Siddiq ya sayar kafin ya ɗauko ta, kuma tun daga ranar ita take ci da gidansa. Da wuya a yi biki ko suna a unguwannin Bolewa da Ngojin katin gayyata bai fito ta cikinta ba. Mai haƙuri ce. In an ɗauke wuta ta yi shiru, in an kawo ta ce "ƙit" ta kama aiki.

Ciwon ya faro ne daga lokacin da wurin sa faifanta ya daina buɗewa. Wannan ya raba Malam Siddiq da amininsa Joda, dillalin shanu, da wasan damben nan na tsofaffin injinan wasa da suke bugawa in babu aiki. Joda bai haƙura ba. Ya je Kano ya dawo da wani tsohon furogiram a ɗan ƙaramin faifan nan na fulofi, mai yaudarar kwamfuta ta zaci an sa mata faifai alhali babu komai. Safiyanu mai gyara ya yi gargaɗi. Ya ce abin ya girme ta, ya bi hannaye da yawa, kuma babu wanda ya san cutar da ya kwaso. Malam Siddiq ya ce sau ɗaya za a gwada.

Cikin mako fuskarta ta fara komawa shuɗiya. Tana nishi "ƙirrr, ƙirrr", tana cinye aikin mutane. Duk da haka ba a ɗaga mata ba.

Ranar Litinin ɗin, Malam Siddiq ya kai ɗan damben Joda bango, saura naushi guda ya kayar da shi, abin da bai taɓa yi ba. Sai ta ƙame. Ya gaura mata mari. Joda ya yi dariya ya ce tsoro ta ji masa, ya kuma kai mata shuri wai ta farfaɗo. Nan Malam Siddiq ya shaƙe shi. Joda ya sa masa gwiwar hannu a baki, haƙori ya fita, shi kuma ya kwaɗa wa Joda kujera a goshi. Teburi ya kife, gilashin fuskarta ya tarwatse, hayaƙi ya tashi. Maganarta ta ƙarshe ita ce "fuuu".

Safiyanu ya buɗe cikinta ya tabbatar furogiram ɗin ya riga ya cinye mata ƙwaƙwalwa tun kafin marin. Malam Siddiq yana roƙon jama'a su riƙe wannan bayani, domin maiɗakinsa Gumsu har yanzu ba ta yarda ba, kuma ba ta yi masa magana tun ranar.

Ta rasu ta bar firinta, da kibod mai ɓallallun haruffa, da janareta, da 'ya'ya biyar masu jiran tuwo, da katin auren wata amarya Munawwara da ba a buga ba.

Za a ɗauki gawar a baro gobe bayan la'asar zuwa shagon Safiyanu, inda zai cire abin da zai amfani masu rai. Fulofin kuwa za a ɗora shi kan dutse a ƙofar shago, kowane mai gaisuwa ya buga masa guduma sau ɗaya, Gumsu ce za ta fara. Joda zai halarta in an kwance masa ɗinki. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada kowa ya tambayi wanda ya ci wasan.