Rasuwar Akwatin da Ya Jefar da Labarin Dorina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin kunya da za a zo kansa nan gaba, Bappa Hamajoda mai rumfar shayi a bakin tafkin Lagdo yake sanar da masunta, da mata masu bandar kifi, da direbobin Garwa, rasuwar akwatin intanet na rumfarsa. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara shida a duniya.

Marigayin bai fi kwanon tuwo girma ba. Dudu, autar Bappa, wadda ta karanci aikin na'ura a Ngaundare, ita ta kawo shi ta rataye a ginshiƙin rumfa, ta haɗa shi da eriya da farantin sola. Kowa ya san yadda layin intanet yake a nan kafin zuwansa: shayi ya huce, bidiyon minti biyu bai buɗe ba. Shi kuwa in mutum na farko ya nemi abu, sai ya je can nesa ya ɗauko, ya miƙa masa, ya ajiye kwafi a cikinsa. Na biyu da na ɗari kafin su ƙifta ido sun samu. Bai taɓa tambayar mutum ɗan gidan wane ne ba, sunan abin da ake so kawai za a faɗa masa. Da safe ya ce “kit, kit”, in rana ta take fankarsa ta ce “ziiii”. Iyakar ƙorafinsa ke nan.

Hali ɗaya gare shi, kuma ba ya ɓoye shi. Cikinsa ƙarami ne, in ya cika sai ya duba abin da aka fi daɗewa ba a nema ba ya jefar, kamar masunci mai rage kaya tsakiyar ruwa. Ba ya duba furfura.

To a cikin nan nasa akwai amanar Bappa. Duk wanda ya sha shayi a rumfar ya san ko wane ne Bappa: bai taɓa zama a aji ba, amma amai da gudawa ya kama shi sau biyu ya sake shi, tsawa ta kashe akuya a gefen ƙafarsa, sannan dorina ta kife masa kwale-kwale ta ɗauke shi a baki ta tofar. A kan wannan na ƙarshen wani ƙaramin gidan rediyo ya yi hira da shi ta minti goma sha ɗaya, tare da Yawuba abokin kamun kifinsa, Allah ya jiƙansa, wanda ya rantse a kan idonsa aka yi. Daga baya gidan rediyon ya rufe, shafinsu ya ɓace. Kwafin da ke cikin marigayin shi kaɗai ya rage a bayan ƙasa, kuma muryar Yawuba ba ta ko'ina sai nan.

Dudu ta yi gargaɗi, a rubuta mata wannan. Ta ce akwai yadda ake kafe abu ya zauna ko ba a neme shi ba.

“Baba, bari in ɗaure maka ita. Ko in kwafe maka a waya.”

“Akuya ake ɗaurewa, 'yar nan. Duk tafkin nan wa ba ya neman labarina? Bar shi ya yi kokawa da 'yan ƙwallo, mu ga wanda za a jefar.”

Shekaru suka shuɗe ba a jefar ba, Bappa yana nuna wa jama'a haka a matsayin hujja. Gaskiya ne kullum bayan sallar asuba yakan danna hirar ya saurara, amma don duba lafiyar na'ura ne kawai.

Sai aka kwantar da shi a asibiti a Garwa kwana goma sha tara, saboda wani ciwo na maza da ba a sa wa suna a takarda. Ya tsira, kamar yadda ya saba. Kwanakin kuwa sun faɗo daidai gasar ƙwallo, rumfa cike, kowa da wayarsa. Ranar da ya dawo ya tarar da wani baƙon direba yana cewa dorina ba ta tofar da abin da ta ɗauka, sai dai in gungume Bappa ya gani ya firgita. Bappa ya ce masa ya zauna, zai ji daga bakin shaida. Ya danna. Alamar jira ta yi ta juyawa a wayar, marigayin ya fita nema har ƙarshen duniya ya dawo hannu rabbana. Direban ya shanye shayinsa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi Bappa.

Aka kira Dudu a waya. Daga can ta leƙa cikin akwatin ta ce tun kwanansa na huɗu a asibiti aka jefar da hirar. Bappa ya ce ta duba mutum nawa suka neme ta a shekara shida, don a san girman asarar. Ta so ta kauce wa tambayar, ya matsa. Ta ce an nema fiye da sau dubu biyu, duk daga waya ɗaya, ban da sau uku. Ukun nan ma ita ce, ranar da take gwaji.

Abin da ya biyo baya Bappa bai ɗora wa kowa ba. Ya daɗe yana fiɗar giwan ruwa, ya san abin da aka haɗiye yana nan a ciki. Ya sauko da marigayin, ya sa wuƙar kifi ya buɗe shi, ya girgiza, ya kara kunne. Ya sami fanka, da ƙura, da busasshiyar tsaka. Da ya mayar da murfin noti uku suka yi saura. Marigayin ya ce “kirrr, kat”, wutarsa ja ta lumshe. Wanda dorina ta kasa da shi, ga shi ya gama da abin da bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Ya rasu ya bar eriya, da farantin sola, da batir mai tsufa, da masu shan shayi kimanin arba'in da tuni suka koma rumfar Sali da ke kusa da tasha. Ya kuma bar Dada Jebba, matar Bappa, wadda ta ce ita ba ta yi rashin komai ba, tunda ta haddace hirar ba da son ranta ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin mangwaron bayan rumfa, a cikin kwalin sukari. Bayan an rufe shi Bappa zai ba da labarin dorina da bakinsa, tun daga farko, ba shaida. Dada Jebba ta ce ko kaza ba za ta zo ba sai in da kifi, don haka an tanadi karfasa kwando biyu. Ana sanar da jama'a cewa sai an kai ƙarshen labari za a buɗe kwandunan.