Lambar Sirrin Darakta

Allah ya ja zamanin Darakta, gagara-badau na layinmu, wanda ko tari zai yi sai ya gyara hula. Shekara talatin yana tsaron fayil a ofis, ya yi ritaya yana mataimakin mataimaki, amma duk wanda bai kira shi Darakta ba, ya gaishe da bango.

Abin da ritaya ta ƙwace masa ba albashi ba ne, layi ne: mutane tsaye a ƙofa suna jiran sa hannunsa. Sai Allah ya dube shi, ya sayo akwatin waifai, na'urar raba intanet, mai ƙahoni huɗu.

Mai haɗawa ya fara bayani. A ajiye shi a sarari, a sama. Lambar sirri tana rubuce a ƙarƙashinsa, idan za a sauya ta kuma...

"Dakata," in ji Darakta. "Ina aiki da tangaraho ba a ɗaura auren uwarka ba."

Tun daga nan, kowace Litinin Darakta yana sauya lambar da kansa. Ya yanki takarda, ya rubuta sabuwa, ya kifa akwatin, ya liƙa ta a kan tsohuwa, ya buga hatimin da ya manta bai mayar ofis ba. Akwatin bai san ana yi ba. Wai kunu a wani gida.

Iyali su yi layi. Uwargida ta karɓa da hannu biyu, 'yarsa Auta ta yi kamar tana dannawa, wayoyi kuwa na nan manne da lambar ranar farko. Darakta ya kishingiɗa, zuciya fes. Har jama'a suka fara zama a jikin katangarsa, kowa kai a sunkuye. Ya ce a ransa, ashe girma ba ya ritaya.

Ranar da Auta za ta yi ganawar neman aiki ta bidiyo, ƙarfe goma, bayan shekara biyu tana raba takardu, Darakta ya je aski. Mai aski yana goga masa kumfa ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka. Waifan nan naka har ƙwallo muke kallo da shi."

Da rabin gemu ya dawo gida. Ya sunkuci akwatin ya jefa cikin kabad ɗin ƙarfe, ya turo wayar wutarsa ta ƙasan ƙofa, ya datse, ya sa makulli a aljihu. Don kada ɓarayi su biyo ta wayarsa, ya goge waifan daga cikinta.

Goma saura kwata Auta ta fito a guje, fuska duk hoda.

"Baba, ya ɗauke! Don Allah buɗe, ƙarfe ne ya tare shi."

"Ƙarfe? Ke da ko aiki ba ki samu ba za ki koya mini? Matsalar daga kamfani take. Yanzu zan rubuta musu takarda mai zafi."

Ya zauna neman biro. Ya san ta yi gaskiya; amma idan kabad ya buɗe, me ya rage a hannunsa?

Saura minti biyar Uwargida ta shigo, hannu duk kumfar wanki. Ta zura hannu aljihunsa kamar yadda ta saba ranar wanki, ta buɗe kabad, ta ɗora akwatin a samansa. Fitilu suka yi kore. Auta ta shige ɗaki tana gyara gyale, aka ji ta tana gaisawa da masu ganawa. Daga bayan katanga wani ya yi ihu, "Ya dawo!"

Darakta ya gyara murya. "Na dai ba da izini."

Ya ɗauki wayarsa, ya danna lambar wannan makon, mai hatimi. Ta ƙi. Ya danna ta makon jiya. Ta ƙi. Ya kifa akwatin ya ɓanɓare takardunsa goma sha biyu, gam ya taho da rubutun asali. Ya dubi Uwargida.

"Ni na sani? Kullum taka nake karɓa."

Da la'asar aka ga Darakta a shagon aski, rabin gemu, waya a hannu, murya ƙasa-ƙasa, yana tambayar lambar gidansa.

Mai aski bai ɗago ba. Ya nuna benci da almakashi.

"Ranka ya daɗe, akwai layi."