Ranar da Aka Kama Ni Ina Yi wa Keke Ƙorafi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Hajiya Binta ta tarar da ni kwance a ƙarƙashin keken ɗinki, ina zuba kamar rediyo.

Aure ne ya kawo ni Katsina daga Zariya. Maigidana a Legas yake aiki, sai da Sallah nake ganinsa. Shi ya sayo mini keken ɗinkin bargo mai dogon hannu, irin wanda ake shimfiɗa yadi da auduga a kan doguwar firam, wai ya ɗebe mini kewa. Keken ya cinye rabin falonmu a Ƙofar Guga. Da na rasa abokin hira sai na raɗa masa suna Malam (kada ku tambaye ni dalili).

Hajiya Binta ta ba ni ɗinkin bargon ɗiyarta da za a yi wa jere a ƙarshen makon. Da na fara, ta sama ɗinki ya fito sumul. Da na leƙa ta ƙasa kuwa, zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Na ƙara matse zaren sama, ya tsinke. Na sassauta, ya yi lako-lako. Na sauya allura, na hure ƙurar auduga daga gidan bobin, wato ƙwaryar zaren ƙasa, na ɗiga mai, na juya ɗan kusar bobin dama da hagu. Na kira wani mai gyara a Babbar Kasuwa, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Na kira maigida, wayar ta ƙare ringin ba a ɗauka ba.

Sai na ɗauki tocila na shige ƙarƙashin firam ɗin, na kwanta rigingine ina warware zare. Nan bakina ya buɗe. Na ce wa Malam ai shi ma halin maza gare shi, a waje fes, a ciki rikici. Na ce masa tun safe ban ji muryar ɗan Adam ba, ko tuwo na daina tuƙawa don ba a tuƙa na mutum ɗaya. Har da hawaye, suna gangarowa cikin kunnuwana.

"Malam, kai kaɗai ka rage mini a garin nan, kai ma juya mini baya za ka yi?"

Da na juya kai sai na ga ƙafafu huɗu da lalle. Hajiya ce da amarya. Ashe sun yi ta sallama, suka ji magana suka shigo. Amarya na ta waige-waige tana neman Malam.

Na fito da rarrafe, auduga a kan ɗankwalina, na ma gaishe su da "ina kwana" alhali la'asar ta wuce. Hajiya ba ta yi dariya ba (da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi). Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ba ki da kowa nan garin? Gobe in kin gama ki taho gida, a yi girkin biki da ke."

Bayan sun tafi na gano matsalar: zaren ne ya zame daga tsakanin faifan da ke matse shi. Na mayar, ɗinki ya daidaita. Bikin ma na je, amarya na ganina ta tambaye ni yaya jikin Malam.

Tun daga nan na gane cewa in ka fara kai wa keke ƙara, ba keken ne kaɗai ke neman gyara ba. Kuma kafin ka yi kuka, ka sa sakata.